Tambayoyin Masu Karatu: In sayar da motata ne, ko in koma sayen zuwa-zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Garwa, ina da tsohuwar Toyota Corolla wadda na saya shekara shida da suka wuce. Tsakanin kai yara makaranta, zuwa wurin aiki da biyawa kasuwa, ina yin kimanin kilomita 30 a kullum, kuma motar tana shan lita 10 a kowane kilomita 100 a cikin gari. Tun da aka ƙara kuɗin mai, albashi ba ya kai ni ƙarshen wata. Wani abokina ya ce in daina shiga gidan mai in koma wa masu zuwa-zuwa, wato man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, uwargida kuma ta ce in sayar da motar in sayi babur. Don Allah ku ba ni shawara. Daga Malam A., Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukanka ba naka ba ne kai kaɗai. A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, sannan a Fabrairun 2024 ta sake ɗaga shi zuwa 840, gazuwal, wato man dizal, kuma ya tashi daga 575 ya kai 828 a cikin wannan tsakanin. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne nauyin tallafin mai ya fi ƙarfin baitulmali, musamman da yake tun gobarar da ta cinye wani sashe na matatar SONARA da ke Limbe a watan Mayun 2019, ƙasar ta dogara ne ga tataccen man da ake sayowa daga waje. Ƙarin albashi na kusan kashi 5 cikin ɗari da aka yi wa ma'aikata a kowane karo bai kama ƙafar ƙarin da ya kai kashi ɗaya bisa uku ba.

To amma bari mu ɗauki alƙalami, domin abin da ke cikin aljihu da lissafi ake gane shi. Kilomita 30 a kwana 26 na aiki ya kama kilomita 780, wato lita 78 a wata. A tsohon farashi kana biyan sefa 49,140, yanzu kuwa 65,520, bambancin ya zama 16,380. Kuɗi ne mai ciwo ga mai albashi, sai dai ina zargin ba shi kaɗai ne ya huda maka aljihu ba. Mai shi ne kuɗin da mutum yake gani yana fita kullum da idonsa, shi ya sa ake ɗora masa laifin komai, alhali inshora, harajin mota da ake biya tare da ita, binciken lafiyar mota, juyen baƙin mai, tayoyi da batir duk suna nan suna jiran lokacinsu, kuma su ma sun yi tsada domin a kan babbar mota ake kawo su arewa. Ka tara abin da ka kashe a kan waɗannan a shekarar da ta wuce, ka raba shi gida 12, ka ɗora a kan kuɗin mai. Wannan jimlar ita ce ainihin abin da motar take ci.

Game da shawarar abokinka, ban goyi bayanta ba. Shekaru da dama arewacin ƙasar nan ya rayu a kan man da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya, saboda gwamnatin can ce take biyan wani ɓangare na nauyinsa, amma tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, wancan arahar ta banza ta wuce, sauran rangwamen kuma yana hawa yana sauka da darajar naira. Abin da ya fi damuna shi ne ingancinsa. Man da ya wuni a kwalba cikin ranar Garwa, aka juye shi daga jarka zuwa jarka cikin ƙura, ba ya rabuwa da datti, wani lokaci har da ruwa. Kuma da yake litar kananzir tana sefa 350, duk mai son zuciya ya san ribar da ke cikin gauraya. Ba na cewa duk masu sana'ar haka suke, da yawansu abinci kawai suke nema, amma kai mai saye ba ka da hanyar tantancewa. Babur yana iya haƙuri da irin wannan man, a kwance kaburata a wanke a ci gaba. Motar da ke aiki da injekta kuwa, ranar da famfon mai ya mutu, abin da ka tara na rangwamen wata uku zai tafi wurin bakanike a yini ɗaya.

Maganar uwargida ta fi kusa da gaskiya, sai dai ta yi gaggawa. Ƙaramin babur zai yi maka wannan kilomita 780 da lita 20 ko kusa da haka, wato ƙasa da sefa 17,000, ka ga an rage sama da 48,000 a wata. Amma babur ba zai ɗauki yara da uwarsu cikin aminci ba, ba ya kare ruwan Agusta, kuma tsohuwar mota idan aka sayar da ita cikin matsi, dillalai ne suke cin moriyar. Idan da hali, ka sayi babur na hannu don zuwa aiki, ka bar motar don yara da tafiyar iyali. Idan kuwa lissafin da na ce ka yi ya nuna motar tana cinye fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na abin da kake samu, kuma makarantar yaran ba ta da nisa, to a ganina ka sayar da ita a tsanake, kafin wani babban gyara ya taso ya karya mata daraja.

Kafin ka yanke hukunci, lita 10 ta ɗan yi yawa ga irin motarka. Ka sa a duba filtar iska, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, a duba fulogi, ka riƙa auna iskar tayoyi duk mako biyu, ka kuma daina barin injin yana aiki minti goma da safe da sunan ɗumama shi. Ban ce ka kashe na'urar sanyi a watan Afrilu ba, wanda ya san Garwa ba zai faɗi haka ba.

Tambaya: Ina Kuseri, ina yawan tsallakawa Injamena saro kaya. Me ya sa fetur ya fi araha a can alhali gada ce kawai tsakaninmu? Daga Hajiya H., Kuseri.

Amsa: Hajiya, Cadi tana tace nata man ne a matatar Jarmaya da ke arewa da Injamena, wadda aka buɗe a 2011 tare da kamfanin CNPC na Sin, namu kuwa sai ya sauka a gaɓar teku, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, sannan tankoki su ƙarasa da shi. Su ma an ƙara musu a Fabrairun 2024, fetur ya tashi daga sefa 518 zuwa 730, gazuwal kuma ya koma 828, daidai da namu a lokacin. Idan kin cika tankin motarki a can kika dawo ta gadar Ngeli, kin yi dabara. Amma kada direbanki ya ce zai ɗauko jarkoki, domin wannan ya zama maganar kwastan.