Tambayi Likita: Hasken leza yana raba mutum da sigari?

Tambaya (wani tela daga Kawo): Likita, yau kwana huɗu da na ajiye sigari. Sai faɗa nake da yaran shago, barci kuma ya ƙaurace mini. Lafiya kuwa?

Amsa: Lafiya lau, Malam, jiki ne ke neman nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kamu da ita. Abin ya fi tsanani a kwana ukun farko, yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ka rage goro da kofi. Hayaƙin taba yana sa hanta saurin narkar da sinadarin da ke cikinsu, to da ka daina, goron da ka saba ci sai ya fi hana ka barci. In ƙunci ya yi yawa har ka ji rayuwa ta ishe ka, ka je asibiti a ranar.

Tambaya (direban Keke Napep daga Rigasa): Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina shan kwali ɗaya a rana. Na ga talla a Facebook, wai akwai na'urar da ake haska wa mutum a kunne, zama ɗaya ya rabu da taba har abada, kuma tana wanke huhu. Ina tara kuɗi in je a yi mini. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanina, Allah ya cika maka wannan niyya, amma ka riƙe kuɗinka tukuna.

Na'urar kamar biro take, tana fitar da hasken leza mai rauni wanda ba ya ƙona fata. Ana ɗora ta a wasu wurare a kunne, gefen hanci da wuyan hannu, wuraren da masu maganin gargajiyar ƙasar Sin ke soka ƙananan allurai. Masu yi suna cewa hasken yana sa jiki ya saki sinadarin da ke kwantar da hankali, sai sha'awar taba ta gushe. A 2014 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara binciken da aka yi kan allurar Sin da leza wajen barin taba, ba ta samu hujja mai ƙarfi ba cewa suna raba mutum da sigari har wata shida ko fiye. Wata shidan nan kuwa shi ne ma'auni, domin barin mako guda kusan kowane mashayi ya taɓa yi.

Za ka ce ai akwai wanda aka yi wa, ya daina. Akwai. Mutumin da ya biya kuɗi mai yawa, ya sa rana, ya sanar da iyalinsa, ya riga ya ɗaura ɗamara, kuma wannan ɗamarar ce ta yi aiki. Batun wanke huhu kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Hasken ba ya wuce fata da ɗan naman da ke ƙarƙashinta, ina shi ina huhu? Nikotin ma ba ya buƙatar a kore shi, cikin 'yan kwanaki yake fita da kansa. Abin da ke mayar da mutum shi ne ƙwaƙwalwar da ta saba, da wuraren da aka saba kunnawa: bayan cin abinci, wurin mai shayi, lokacin jiran fasinja.

Abin da ke damuna ya wuce asarar kuɗi. Wanda aka ce masa an wanke masa huhu, in tari ya kama shi ba zai zo asibiti ba. Wanda kuma ya koma sha bayan ya biya, sai ya ce tasa ta gagari magani, ya fid da rai. Kada kuma wani ya sayi ɗan tocilan leza na wasan yara ya ce zai gwada a gida, yana iya lalata ido.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar taimaka wa manya su bar taba. Magungunan da ta amince da su su ne masu maye gurbin nikotin ɗin sigari (irin su filasta da cingam na nikotin), da varenicline, da bupropion, da cytisine, tare da shawarar ma'aikacin lafiya. Ga mai shan fiye da kara 10 a rana irinka, ana fara filastar nikotin mai miligiram 21 na mako shida, sai mai 14 mako biyu, sai mai 7 mako biyu. Kowace safiya a liƙa sabuwa a busasshiyar fata marar gashi, a damtse ko ƙirji, ana canza wuri saboda ƙaiƙayi. In ƙishirwar taba ta taso, a ƙara da cingam ɗin nikotin, mai miligiram 4 ga wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da tashi barci, mai 2 ga sauran. A nan mutane ke kuskure: ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. Ka ɗan tauna har ka ji yaji-yaji, ka ajiye tsakanin kumatu da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa, har rabin awa. Mai tauna da sauri yana haɗiye nikotin, sai shaƙuwa da tashin zuciya, ya ce maganin ba ya yi. Kada ka sha lemo ko kofi minti 15 kafin nan.

Varenicline da bupropion sai da takardar likita, kuma mai farfaɗiya ba ya shan bupropion. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su ga likita kafin su taɓa ko filastar. Ka je Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, duk a Kaduna. Zuwa Barnawa ba ya nufin taɓin hankali, aikinsu ya haɗa da masu son rabuwa da shaye-shaye. Duk abin da za ka saya, ka duba lambar NAFDAC.

Tambaya (wata matar aure daga Tudun Wada): Na sayi wani jiƙo a kasuwa, aka ce in riƙa zuba wa maigida a abinci ba da saninsa ba, zai tsani taba. Yanzu amai yake yi. In ci gaba?

Amsa: Haba Hajiya! Ki daina yau ɗin nan. Ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba, mai sayarwar ma ba zai iya gaya miki adadin abin da ya zuba ba, kuma irin waɗannan haɗe-haɗe suna illata ƙoda da hanta. Amai ba alamar taba na fita ba ce. Ki gaya masa gaskiya, ku tafi asibiti da kwalbar a hannu. In fitsarinsa ya ragu, ko idonsa ya yi rawaya, ko ƙafa ta kumbura, kada ku kwana a gida.

Tambaya (wani ɗalibi daga Malali): In na koma shisha, ba ta fi sauƙi ba, tunda ruwa na tacewa?

Amsa: A'a. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, nikotin yana nan, ga iskar gubar gawayi a kai.

Tambaya (wani dattijo daga Kakuri): Na bar taba wata biyu, amma tari ya ƙi tafiya, ina ramewa, jiya na ga jini a majina.

Amsa: Baba, wannan ba na jira ba ne. Tarin da ya kai mako biyu, da rama, da jini, sai an yi gwajin majina na tarin fuka da hoton ƙirji. Gwajin majinar da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kada a saya maka maganin tari a kemis, balle mai kodin. Ka sa yaro ya raka ka asibiti gobe da safe, in kuma jinin ya yi yawa ko numfashi ya yi wuya, a tafi yanzu.