Danshi a Gindin Bango: Shin Tayil Zai Magance Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Duk damina gindin bangon ɗakina sai ya jiƙe, fenti ya kumbura ya ɓare, wani farin gari kamar kanwa ya fito. Magini ya ce mu manna tayil a huta. Hakan zai yi? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah a dakata da sayen tayil ɗin nan tukuna. Tayil ba ya hana ruwa shiga bango, fita kawai yake hana shi. Ruwan da ya rasa mafita sai ya ƙara hawa, baɗi ki gan shi a saman tayil ɗin, ko ya ɓullo ta ɗayan ɗakin.

Yadda kika bayyana, daga ƙasa ruwan yake. Bulo yana tsotsar damshin ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, kuma da wuya ya wuce mita 1 a tsayi. Farin garin nan gishiri ne da ruwan ya kwaso daga ƙasa da siminti; in ruwan ya bushe sai ya bar shi, shi ke ture fenti yana ruɓar da filasta. A Kano abin ya fi tsanani wajen watan Agusta, musamman a gidajen da aka gina kan kududdufin da aka cike. Don haka ne ake shimfiɗa leda mai kauri a kan fandisho, aƙalla santimita 15 sama da ƙasa. Wasu magina kan tsallake ta, abin takaici, alhali kuɗinta bai kai ya kawo ba. Wani gidan kuma an sa ledar, amma aka yi ta cikon tsakar gida ko layi har ƙasa ta haure ta.

Sai dai a duba: in bangon da ke jikin banɗaki ne kaɗai, kuma har da rani a jiƙe yake, bututu ne ya fashe. In tabon daga sama ya gangaro, a duba rufi ko indararo.

Gyara daga waje ake fara shi. A kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango, a yi daɓe mai gangare, a haɗa indararo da bututu ya kai ruwa kwata. Sannan a kankare filastar har santimita 30 sama da inda tabon ya tsaya, a bar bulon a buɗe hunturu ya busar da shi. Kada a yi gaggawa a nan. Bayan haka a sake filasta da yashi mai tsafta da sinadarin hana ruwa, a shafa fentin ruwa, ba na mai ba.

In babu leda tun farko, ana iya yanka bangon kaɗan-kaɗan a saka ta, amma sai injiniya yana tsaye.

Kafin nan, Hajiya, ki janye gado da sif daga jikin bangon, ki riƙa buɗe taga. Fumfunar da ke fitowa a wurin tana tayar da asma, musamman ga yara.