Tambayi Likita: zawon yara, ciwon jikin mura da RNA mai sili biyu

Tambaya: Likita barka da aiki, yarona ɗan wata tara ne ya kwana uku yana amai da zawo kamar ruwa, a asibiti aka ce rotabairos ne suka bamu ORS da zink kawai, na roƙa a ƙara mana antibayotik suka ƙi. Anya ba sakaci bane?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya bashi lafiya. Ba sakaci bane, daidai suka yi. Antibayotik bakteriya yake kashewa, shi kuwa rota bairos ne, ko kwalba nawa yaro ya sha ba abinda zai masa sai ma ya ƙara dagula cikin. Cutar kan ɗauki kwana 3 zuwa 8 ta wuce da kanta, abinda ke kashe yara shine ƙarewar ruwan jiki, dan haka ki dage da ORS ɗin kaɗan kaɗan da cokali ko yana amai, ki ci gaba da bashi nono, zink kuma ki cika masa kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Amma in kika ga idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ya ƙi shan komai ko jini ya fito a kashin, toh kar ki jira gari ya waye, ki koma asibiti. Akwai rigakafinsa da ake ɗigawa a baki tun jariri yana sati 6, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta bada shawarar duk ƙasashe su sa shi cikin rigakafin yara tun 2009.

Tambaya: Dakta ni ɗalibi ne, an koya mana DNA ce mai sili biyu RNA kuma sili ɗaya, sai gashi na karanta wai RNA ɗin rota sili biyu ne. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Duka biyun gaskiya ne ɗana, DNA da RNA dai su ne zaren da ke ɗauke da bayanan gadon halitta. A ƙwayoyin jikinmu yawancin RNA sili ɗaya ne, amma akwai dangin bairos da gadonsu gaba ɗaya RNA ne mai sili biyu a manne da juna. Rota da Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a 1973 a Melbon ta Ostareliya, cikin hanjin yara masu zawo, nasa guntu 11 ne. Bairos ɗin Gumboro na kaji shima ɗan wannan sahun ne, nasa guntu 2.

Inda abin ke burge ni shine, ko bairos masu sili ɗaya irin korona dole sai sun yi sili biyu na ɗan lokaci in zasu kwafi kansu, tunda sai an ƙera kishiyar silin sannan a samu abin kwafa. Ita kuma ƙwayar jiki ganin dogon RNA mai sili biyu a cikinta kamar ganin hayaƙi ne a ɗaki, ba ta jiran sai ta ga wutar. Tana da furotin da aikinsu kenan su laluɓo shi, akwai RIG-I da MDA5 da TLR3, da zarar sun damƙe shi sai ƙwayar ta saki wani sinadari intaferon wanda ke gargaɗin ƙwayoyin da ke kusa su shirya. Akwai kuma PKR, shi in ya gani tsayar da ƙera furotin yake a ƙwayar baki ɗaya, ta gwammace ta mutu da ta zama masana'antar bairos. Wani kuma RNase L sai ya bi RNA yana daddatsawa, nata da na baƙon duka.

Toh rota ya yake tsira? Baya taɓa fito da gadonsa fili. Ɓawo uku gare shi, in ya shiga ƙwayar hanji na waje kaɗai yake tuɓewa, ya zauna cikin biyun yana kwafa daga ciki yana turo RNA mai sili ɗaya ta 'yan ƙananan kafofi, masu gadin basu ga komai ba. Korona ita kuma 'yan jakunkuna take yi da fatar cikin ƙwayar ta ɓuya, bairos ɗin mura da Ebola kowanne yana da furotin na rufe silin, NS1 da VP35.

Kuma kar ka ɗauka mu bama yin namu. Akwai wasu maimaitattun guntaye a DNA ɗinmu da ake kira Alu, sun haura miliyan ɗaya, RNA ɗinsu kan naɗe ya manne da kansa. Wani furotin ADAR1 ne ke bi yana canja wasu haruffa a jiki dan kar MDA5 ya ɗauka baƙo ne. Yaran da aka haifa da ADAR1 mara aiki da kyau jikinsu ta zuba intaferon yake ba tare da wani bairos ba har ya taɓa ƙwaƙwalwa, yana cikin sanadin cutar Aicardi-Goutières, kuma wallahi abin tausayi ne ga iyaye.

Tambaya: Likita me yasa in mura mai zafi ta kama ni duk gaɓoɓina ke ciwo alhali a hanci da maƙogwaro take?

Amsa: Malam ai intaferon ɗin nan ne da 'yan'uwansa ke yawo a jini, su ke kawo zazzaɓi da kasala da ciwon jiki, ba wai bairos ɗin ya shiga gwiwarka ba. Shiyasa masu ciwon hanta da aka riƙa yi wa allurar intaferon suke jin kamar mura ta kama su bayan allura. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957. Ka huta, ka sha ruwa sosai da farasitamol, in numfashi ya fara maka wuya ka je asibiti.

Tambaya: Na ji ance akwai allurar rage kolestarol da RNA aka yi ta, ba zata taɓa min DNA ba?

Amsa: Bazata taɓa ba Hajiya, aikinta ma ba a inda DNA take bane. Sunanta inclisiran, RNA ce mai sili biyu amma gajeriya, haruffa ashirin da 'yan kai, kuma an gyara ta yadda ba zata tada masu gadin da na ambata ba. Asalin ilimin daga Andrew Fire da Craig Mello ne, a 1998 suka nuna a jikin wata 'yar tsutsa cewa RNA mai sili biyu na iya kashe saƙon ƙwayar gado guda ɗaya tak, aka basu Nobel a 2006. Ita allurar nan zuwa hanta take yi ta datse saƙon ƙera PCSK9, furotin da ke rage wa hanta ƙarfin kwashe kolestarol, sai hantar ta ƙara kwashe mugun kolestarol daga jini. Ana yin ta farko, a maimaita bayan wata 3, daga nan duk wata 6. Yawanci ƙari ce akan ƙwayoyin rage kolestarol da ake kira statin ga wanda basu ishe shi ba, dan haka dan Allah kar ki ajiye maganinki sai kin zauna da likitan da ke duba ki.