Roƙo, Salama da Gaba: Amsar Wasiƙun Lokacin Zaɓe

Wata uwa daga Zumuntar Mata a Kafanchan ta rubuto: "Malam, fastonmu ya karanta mana 1 Timoti sura 2, ya ce mu riƙa yi wa shugabanni addu'a yanzu da zaɓe ya ƙarato. Amma ayar sarakuna ta ambata. Gwamna sarki ne? Kuma in na yi wa wanda ban zaɓa ba addu'a, ba goyon bayansa na yi ba ke nan?"

Mama, Allah ya ƙara lafiya. Kalmar sarki a bakin Bahaushe ta fi rawani faɗi. Akwai sarkin pawa, sarkin aska, sarkin kasuwa, sarkin noma, kuma ba wanda aka busa wa kakaki a cikinsu. Duk wanda aka ɗora wa ragamar wasu mutane ya shiga inuwar kalmar. Ayar ma ba ta tsaya nan ba, ta haɗa da duk masu riƙe da muƙami, don haka daga kansila har shugaban ƙasa ba wanda ya kuɓuce.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nama. Ayar ta jera roƙo da addu'a da godiya. Addu'a baƙuwa ce daga Larabci, du'a ce ta shigo da "al" ɗinta manne a ka, kamar alƙali da albarka. Masu fassara, irin su Likita Walter Miller na Wusasa, sun tarar da ita a bakin kowa, sai suka ɗauka, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Roƙo kuwa ɗan gida ne, kuma daga jikinsa aka ciro maroƙi. To nan amsarki take. Maroƙi sarki yake roƙa, shi ya sa dole ya wasa shi, ya ɓoye aibinsa, ko a cilla masa riga. Ke kuwa Allah kike roƙa saboda sarki, ba ki da abin ɓoyewa. Kina iya cewa Allah ya ba shi tsoronsa, ya raba shi da mugayen mashawarta, ya hana hannunsa taɓa dukiyar talaka, sannan ranar zaɓe ki dangwala wa abokin takararsa. Ba ki yi munafunci ba.

Ki tuna su wa ke mulki lokacin da aka rubuta wasiƙar 1 Timoti: sarakunan Roma, waɗanda ba Kirista ba ne, ba kuma wanda ya kaɗa musu ƙuri'a. Annabi Irmiya ma, a sura 29, ya gaya wa Yahudawan da aka kwashe bauta su yi wa Babila addu'a, don lafiyarta ita ce tasu. Bahaushe ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara can zai zuba. Ana kawo karin maganar don a ba babba haƙuri, amma ni ina ƙara mata kunne: in juji ya kama wuta, gidajen da ke kewaye ne ke shan hayaƙi. Mutanen Kafanchan da Zonkwa da suka ga rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011 ba sa bukatar a fassara musu wannan.

Abin da ba na so shi ne addu'ar da ke zama kirari a kan bagade, a kira sunan ɗan takara, jama'a su ce amin, a fito da ambulan. Wannan aikin maroƙa ne, su kuwa maroƙan gaskiya ba sa ɓoye sana'arsu.

Wani matashi daga Maraɗi ya tambaya: "Mene ne bambancin salama, lumana da zaman lafiya? A majami'a salama nake ji, a rediyo kuma lumana."

Ɗan'uwa, kunnenka bai yi ƙarya ba. Lumana tsakanin mutane take: zanga-zangar lumana, miƙa mulki cikin lumana, wato ba a ɗaga sanda ba. Kai da kake Nijar ka san jam'iyyar marigayi Hama Amadou da wannan suna aka san ta. Zaman lafiya ya fi ta faɗi, don lafiya ta haɗa jiki da gida da gari, shi ya sa gaisuwarmu kaf a kanta take yawo. Da aka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ba sarki aka ce ba, ɗansa aka ce, wanda ke cin daɗin sarauta ba tare da ɗaukar nauyinta ba. Ko shi bai kai mai barci da ido biyu rufe ba.

Salama daga Larabci take, ƙanwar sallama, kuma Kiristoci Hausawa sun kai ta can cikin zuciya. A Ishaya sura 9 an kira Almasihu Sarkin Salama, a Yahaya sura 14 kuma Yesu ya ce salamar da yake bayarwa ba irin ta duniya ba ce. Ke nan ana iya sa hannu a kan lumana, kamar yadda Jonathan da Buhari suka yi a Abuja a Janairun 2015, amma ba a sa hannu a kan salama. Wanda ɗan takararsa ya faɗi, ya koma gida ya ci tuwonsa, ya gai da maƙwabcinsa da safe, shi ya same ta.

Wani kuma ya ce taken nan na Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP a zaɓen 1979, "siyasa ba da gaba ba", ya ɗaure masa kai: ba a son ci gaba ne?

A'a, rubutun boko ne ya yaudare ka, don ba ya nuna tsawon wasali. Gaban da ke cikin ci gaba gajere ne a farkonsa. Ta Waziri kuwa ja ake yi, gaaba, wato ƙiyayya, wadda ta haifi magabci da abokin gaba. Karanta taken da ƙarfi, ka ja wasalin farko, za ka ji shi ya zauna.