Amsa ga ɗiyata a kan dusa, kanwa da abincin awaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ɗiyata, saƙonki ya iso ni nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kuma na yi murna da jin cewa surukarki ta ba ki awaki biyu da ɗan taure guda domin ki fara kiwo a sabon gidanki na ƙauyen Gadarif. Kin ce abubuwa uku suka ɗaure miki kai: ta hana ki watsa musu dawa alhali rumbu cike yake, ta umarce ki da ki riƙa dama musu dusa da ƙasari da ɗan kanwa, sannan ta yi miki faɗa ranar da kika sake su cikin gonar da aka girbe. Kina tambaya ko waɗannan al'adu ne kawai na tsofaffi, ko kuwa akwai dalili a bayansu. Tun da a Umdurman kika tashi, inda madara take zuwa ƙofar gida a bayan jaki, tambayar ba abin kunya ba ce, kuma zan amsa miki gwargwadon abin da na gani cikin shekarun da na yi ina kiwo.

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, cikin akuya ba irin namu ba ne. Allah Ya raba shi gida huɗu, kuma babban cikinsu, wato tumbi, cike yake da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne suke narkar da ganye da kara su mai da su abin da jiki zai amfana da shi. Shi ya sa za ki ga akuya ta kwanta a inuwa tana tuƙa: abin da ta haɗiye ne take dawo da shi ta sake niƙawa, kuma yawun da take haɗiyewa a lokacin shi yake rage tsamin tumbin. Idan ta cika ciki da tsabar dawa a lokaci guda, hatsin yakan yi tsami da sauri, tuƙa ta tsaya, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya, wani lokaci kuma kafin kwana biyu an rasa ta. Saboda haka surukarki ba rowa take yi ba. Akuya ba ta san ƙoshi ba idan ta samu hatsi, don haka ƙofar rumbu da bakin buhu su ne abin da za ki fi tsarewa a gidan nan.

Ainihin abincinta ganye ne da harawa. Akuya ba kamar tunkiya ba ce da take sunkuyar da kai tana kiwon ƙasa. Ita ɗaga kai take yi, ta tsinci ganye nan, ta ɗanɗani wancan, har ta miƙe a kan ƙafafun baya don ta kai ga reshe. Domin haka kada ki zuba mata harawa a ƙasa, sai ki ɗaure ta a dami ki rataye daidai kanta, ko ki sa a komi mai tsayi, don abin da ta taka ko ta yi wa kashi ba za ta ƙara kallonsa ba, kuma ta ƙasan ne tsutsar ciki take shiga. Kakanninmu da suka sauka a bakin wannan kogi na Nilu tare da Sarki Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 sun tarar da itatuwan da suka baro a gida, sunayen ne kawai suka canza zuwa na Larabci: gawo ya zama haraz, aduwa ta zama hijlij, bagaruwa ta zama sunut. Cikinsu babu kamar gawo, domin yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya kuma zubo da 'ya'yansa daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Idan akwai shi kusa da ku, ki aiki yara su tsinto miki 'ya'yan ki adana. Na bagaruwa ma suna da amfani, amma kaɗan-kaɗan, saboda ɗacin nan da majema suke nema a cikinsu yana hana abinci narkewa idan ya yi yawa.

Ku da kuke ƙasar dawa da riɗi, karan dawa ba zai yi muku wuya ba, sai dai ki sani kara cika ciki kawai yake yi, ba ya sa nono. Ki nemi harawar wake ko ta gyaɗa tun da kaka, lokacin da take da araha, a shanya ta a inuwa, a ɗora a kan rumfa inda raɓa da gara ba za su taɓa ta ba. Harawar da ta bushe tana kore, ganyenta bai kakkaɓe ba, ta fi wadda rana ta ƙone ta koma ja nesa ba kusa ba. Barsim, wato ɗanyar ciyawar da ake nomawa don dabbobi ana sayarwa dami-dami a kasuwa, abinci ne mai kyau ƙwarai, amma kada ki ba su shi yana jiƙe, ko a kan yunwa da sassafe. Ki bar shi ya sha iska ya yi yaushi, ki kuma fara ba su busasshen abu tukuna, in ba haka ba iska takan taru a tumbi har numfashi ya gagara.

Maganar gonar da aka girbe kuwa, a nan ne na fi so ki saurare ni. Abin da surukarki ta tsorata shi ne gyauro, wato sabon tohon da yake fitowa daga kututturen dawa bayan an yanke ta. Ƙaramar dawa, musamman wadda ta sha fari ta tsumbure sannan ruwa ya taɓa ta, tana ɗauke da guba mai hana jiki amfani da iskar da dabba take shaƙa, kuma tana kisa cikin ɗan lokaci. Ni kaina na taɓa rasa akuya mai ciki da 'yarta budurwa a yini ɗaya, saboda wani yaro ya bar ƙofar zariba, wato garkensu, a buɗe. Da muka same su a gefen gona suna haki suna rawar jiki, ko wuƙa da ƙyar muka kai ga ɗaya. Haka abin yake ga abu sab'in, dawar nan ta dabbobi da ake nomawa a Jazira da bakin kogi: sunanta ma yana gaya miki kwanakin da ake jira kafin a yanka. Idan ta girma ta wuce ƙugun mutum, aka yanka aka shanya, gubar takan ragu ƙwarai.

Sai batun dusa da ƙasari da kanwa, wanda shi ne tsakiyar tambayarki. Wannan al'ada hikimar mata ce, domin a gidan Bahaushe akuya dukiyar mace ce, kuma abin da ya rage daga surfe da wankin hatsi shi ake mayar wa dabba don kada a yi asara. Dusa tana da ƙarfi amma ba ta tsami da saurin tsabar hatsi, ƙasari yana sa akuya ta sha ruwa da yawa, kanwa kuma tana kashe tsamin ciki, ta ba da ɗan gishirin da jiki yake nema. Har nan ina tare da surukarki. Inda na saɓa wa tsofaffinmu, kuma ina faɗa da ladabi, shi ne yawan abin da kuma wanda ake ba. Ga akuya mai shayarwa, rabin ratal zuwa ratal guda (ratal kusan rabin kilo ne) na dusa ko radda, wato dusar alkama, a yini, a raba safe da yamma, da ɗan umbaz, wato tunkuzar da take ragewa bayan an tatse mai, cikin tafin hannu, ya wadatar. Kanwa kuwa ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka. Amma taurenki kada ki saba masa da wannan haɗi kullum, domin yawan dusa tare da kanwa yana taimaka wa tsakuwa ta taru a mafitsarar namiji, hanyar fitsarinsa kuma siririya ce, balle wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami. Idan kika ga yana miƙa yana nishi, fitsari yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ki nemi likitan dabbobi a ranar, kada ki jira gobe. Gishirin girki a wani kasko daban, da ruwa mai tsabta a inuwa kullum, sun fi masa amfani.

Ki kula da umbaz da za ki saya, na gyaɗa ne ko na riɗi: ki fasa ki shinshina. Na taɓa karɓar buhu daga hannun wani ɗan kasuwa, samansa lafiya, ƙasansa duk fumfuna, sai zubarwa na yi. Gubar fumfunar gyaɗa tana lalata hanta, kuma tana bin nono ta kai ga yaran da za su sha shi a shayi. Duk sabon abincin da za ki kawo, ki shigar da shi sannu a hankali cikin mako guda ko biyu.

Kin kuma ambaci cewa yara suna son ba su abu a hannu. Wannan ba laifi, hasali ma da shi ake sabo, har akuya ta riƙa tsayawa a tatse ta ba tare da an ɗaure ƙafa ba. Ɓawon kankana, ɓawon ayaba, ɓawon mangwaro, guntun karas ko kabewa, kowar wake, ɗan ƙanzo ko busasshiyar kisra, wato siririyar gurasar dawa, wadda ba ta yi fumfuna ba, duk suna da kyau idan an yayyanka ƙanana kuma ba su wuce cikin tafi ɗaya ba. A cire ƙwallon mangwaro don kada ya maƙale. Ragowar tuwo ko asida da ta kwana ta yi tsami, da abin da aka dafa da nama ko mai, da tarin albasa, da dankalin Turawa da ya yi kore, waɗannan a kai su juji. Zaƙami da 'ya'yan zurma a tumɓuke su daga kewayen gida. Leda kuwa ta fi su duka ɓarna a zamanin nan, domin akuya tana bin ƙanshin abincin da ke jikinta ta haɗiye, ta taru a tumbi ba ta narkewa, sai ki ga dabba tana ci tana ramewa, ba a gane dalili sai ranar da mahauci ya farke cikin.

Cikin akuya wata biyar ne, kimanin kwana 150, kuma a makonni shida na ƙarshe ne 'ya'yan suke girma da sauri har su matse tumbin, don haka a lokacin ne za ki ƙara mata harawa mai kyau da ɗan dusa, ba a farkon ciki ba. In ta haihu, ki tabbata 'ya'yan sun sha dakashi cikin sa'o'in farko, kada kowa ya tatse shi don ganin ya yi kauri ko rawaya. Maganar taure da kanwa kuwa, kada ki je wa surukarki da ita kamar mai gyara mata. Ki ware masa kaskonsa kawai, in ta tambaya ki ce baffanki ne ya ce a gwada. Ki gaishe ta da kyau, ki gaishe da maigidanki, kuma ki sanar da ni idan jar akuyar ta haihu.