Gwaji ya nuna ƙwaya bayan hatsari a layin dogo: ta ina za a kare shi?

Malam, ka ce ƙaninka direban injin ne a aikin layin dogon Kano zuwa Maradi, an yi hatsari, gwajin fitsari ya nuna ƙwaya, maganar kuma ta kai kotu. Allah ya kiyaye gaba.

A ganina rantsuwa ba za ta fisshe shi ba, takardu ne za su yi magana. Gwajin farko na nan-take, wancan ɗan tsinken da ake tsomawa cikin kofi, tantancewa ce kawai, kuma yana kuskure. Sai an tabbatar a ɗakin bincike da na'ura irin GC-MS, mai tantance ainihin sinadarin da ke cikin fitsarin. Ku tambaya ko an yi. Ku nemi takardar da ta bi kwalbar fitsarin: wa ya ɗiba, ƙarfe nawa, an liƙe bakinta a gaban ƙaninka, ya sa hannu? In an raba fitsarin biyu, a nemi gwada ɗayan a wani wuri.

Fitsari yana nuna an sha ne a baya, ba ya nuna maye a lokacin hatsarin. Maganin tari mai kodin ma yana fitowa. In likita ne ya rubuta, ku ajiye takardar. In a teburin kasuwa ya saya, to da sauran aiki.

In da gwajin numfashi na giya, a duba ranar da aka daidaita na'urar, da ko an jira kamar minti 15 kafin ya hura.

Kada ya sa hannu kan abin da bai karanta ba. Ku kama lauya a ƙasar da ake shari'ar, don dokar Nijar daban, ta Najeriya daban; shi zai nemo masanin gwaji.