Daga Takarda Zuwa Waya, Buhu da Bidiyo: Amsa ga 'Yar Aboabo

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Aboabo, nan Kumasi. Tun ina firamare nake zane da fensir da biro, ina kuma yi wa amare lalle. Zanen da na tara ya cika jaka biyu a ƙarƙashin gado, wasu takardun har sun fara funfuna. Kwanakin baya wata ƙawata ta kai ni kallon aikin ɗaliban zane a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan garin. Na tafi da zaton zan ga hotuna jere a bango, sai na tarar da wayar ƙarfe a rataye, da tsummoki an ɗinke su, da wani ɗaki mai duhu ana haska bidiyo. Ƙawata ta ce wai duk zane ne. Malam, ta yaya wannan ya zama zane? In kuwa haka ne, ta ina irina za ta fara, ba kuɗi ba ɗakin aiki? Sannan Babana ya ce kada ya ga an shigo masa da gunki gida.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, gajarta miki labarin kawai ta yi.

Bari in fara da hannun amarya, tunda shi kika fi sani. Layin da kika ɗora a bayan hannu ba ya tsayawa nan. Zagaye wuyan hannu yake yi, ya ɓace miki, ya ɓullo ta ciki. Amarya ta dunƙule hannu furen ya tsuke, ta buɗe ya baje. Ranar da kika yi launin bai gama kamawa ba, a kwana a tashi ya nuna, bayan mako biyu ya kama hanyar gushewa. Ashe kin daɗe kina zane a kan abu mai gaba da baya, mai motsi, mai sauyawa da kwanaki. Abin da ɗaliban jami'a ke fama su koya da dogon Turanci, ke kina yin sa har ana biyan ki.

Ita kanta kalmar zane, a bakinmu ba ta taɓa zama ta takarda kaɗai ba. Zanen ƙwarya da wuƙa ake yin sa ko da ƙarfe mai zafi. Adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano magina ke fitar da shi da hannu tun ƙasa tana ɗanya, har ya yi tudu ya ba da inuwa. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga, sai an zana ta a kan yadi sannan allura ta bi sawu. A Sirigu, can arewacin ƙasar nan, mata ne ke zana bangon gidajensu da jar ƙasa da baƙi da fari. Takarda baƙuwa ce a wannan sana'a, ta zo daga baya, makarantar boko kuma ta ba ta kujerar mai gida.

Abin da kika gani a KNUST yana da tarihi. Tun farkon shekarun 2000 wani malami a sashen zane da sassaƙa, Kari'kacha Seid'ou, ya fara tura ɗalibai waje, su yi aiki da abin da suka samu a kasuwa da tasha da juji, su kuma nuna shi inda mutane suke. Daga wannan koyarwa aka samu ƙungiyar blaxTARLINES, wadda ta shirya manyan nune-nune a gidan adana kayan kimiyya da fasaha na Accra daga 2015 zuwa 2017. Sai dai zan gaya miki abin da ba a cika faɗa wa baƙi ba: ba duk abin da aka rataya a silin ne ya cancanci a tsaya kallonsa ba. Nakan ga yaro bai iya zana hannunsa ba, ya tara tsofaffin takalma a lungu ya ce ya gama aiki. Wannan yayi ne. Wanda ya kamata ya bar takarda shi ne wanda zanensa ya nemi wani abu takarda ta kasa ba shi. Ki zazzage jakunkunan nan ki duba. Akwai zanen da kike jin da ma a iya zagayawa a ga bayansa? Akwai wanda ya yi wa takardar girma? Akwai wanda kika goge sau goma don abin da kike son nunawa motsi ne? Da waɗannan za ki fara, sauran ki ajiye su gefe tukuna.

Mafi sauƙin mafari waya ce. Ki je wurin masu sayar da kayan gini ki sayi wayar ɗaurin rodi, ki ari filaya. Ki zana butar alwala da layi ɗaya, ba tare da ɗaga biro ba, sannan ki bi layin nan da waya kina lanƙwasawa. Idan kin gama ki ɗaga ta sama. Ta gaba buta ce sak. Ki juya ta gefe: babu buta, sai wani tsinke a tsaye. Ni ma haka ta faru da ni ranar farko, na yi ta juya abin a hannu ina jin haushi. Dalili shi ne takarda ta saba mana da tsayawa wuri ɗaya, mu kalli abu ta fuska ɗaya. Sai ki koma ki zana butar ta gaba, ta gefe, ta baya, ta sama, ki sake ɗaukar waya. A karo na biyu za ki ga hannunki da kansa yana tura layin ciki yana jawo shi waje, yana neman inda cikin butar ya yi ƙiba da inda wuyanta ya tsuke. Nan sassaƙa ta fara, ko da ba ki taɓa riƙe gizago ba.

Da dare ki rataye ta da zare kamar taƙi ɗaya daga bango, ki haska mata fitilar wayarki. Za ki samu zane na biyu kyauta a jikin bangon, ki matsar da fitilar ya miƙe ko ya gajarce. Alexander Calder, ɗan Amurka, da waya da filaya ya yi suna a Faris a shekarun 1920. Wata mata kuma da ake kira Gego, a Benezuwela, ta yi jerin ayyuka tun daga shekarun 1970 ta sa musu suna zane ba takarda, tana rataye su nesa kaɗan da bango don inuwar ta shiga cikin aikin.

Abin da zai fara ba ki wahala nauyi ne. Layi a takarda ba ya faɗuwa, ko ki ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Na waya kuwa, da ya yi tsawon hannu zai sunkuya. In aikin ya girma sai rodi, rodi kuma sai mai walda, ga Magazine nan, unguwar makanikai a Suame, cike da su. A nan ki buɗe ido. Na taɓa kai wa wani mai walda zanen da na yi kwana uku ina karkata layukansa da gangan. Na bar masa na tafi sallah. Ina dawowa na tarar ya miƙar da komai sambal, yana murmushi, wai ya ga hannuna ya kauce ne ya gyara mini. Ba laifinsa ba ne, shekara da shekaru ƙofa da tagar ƙarfe yake yi, a wurinsa karkataccen layi abin kunya ne. Tun daga ranar nake zana aikin da alli a ƙasan shagon daidai girman da nake so, a ɗora rodin a kai, ni kuma ina tsaye har a gama.

Wanda ɗalibai ke kira instaleshan shi ne aikin da ake kafawa a wuri, mai kallo ya shiga cikinsa ko ya ratsa ta gefensa. A wannan fanni Gana ba ta bin bayan kowa. El Anatsui, haifaffen Anyako a 1944, a Kumasi ya yi karatu kafin ya koma koyarwa a jami'ar Nsukka a Najeriya a 1975. Da farantan katako na kasuwa ya fara, yana ƙona musu alamomi da ƙarfe mai zafi kamar masu zanen ƙwarya. Daga baya ya koma marafan kwalaben giya, a daddaƙe su a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe har su zama kamar ƙaton mayafi. Abin da ya fi burge ni shi ne yakan bar masu ratayewa su naɗe shi yadda wurin ya ba su, don haka layukan naɗin sukan sauya daga gari zuwa gari. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da aka haifa a 1987, shi ma KNUST ya yi. Buhunan algarara yake tarawa, waɗanda suka ɗauki koko suka gaji suka koma ɗaukar gawayi, mutane da yawa su taru su ɗinke su, a lulluɓe gini sukutum. Ya yi haka a baje kolin Benis na ƙasar Italiya a 2015, ya lulluɓe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Accra a 2016. Ki matsa kusa da irin wannan aiki ki duba ɗinkin, da faci, da sunayen 'yan kasuwa da aka rubuta a jikin buhun da fenti. Ga layin da kike nema nan. A La kuma, can Accra, Serge Attukwei Clottey yana yayyanka jarkokin nan rawaya da muke kira galan ɗin Kufuor, ya ɗinke su da waya.

Kada girman nasu ya karya miki gwiwa. Tsakar gidanku ya isa. Igiyar shanya layi ce da aka ja a sarari, ba wanda ya ce mata zane ne kawai. Ki sami zaren saƙa baƙi, ki ɗauko ɗaya daga cikin zanen lallenki ki ja shi tsakanin bango biyu a wani lungu, ki lura ta ina mutum zai shigo, a ina zai sunkuya, me zai gani idan ya waiwaya. Gidan haya ne ko na gado, ki nemi izinin manya tukuna, kuma ki ɗauki hoto da wuri, don yara da awaki ba sa jiran ranar buɗe nuni.

Bidiyo kuwa, kada ki ɗauka sai da kyamara mai tsada. William Kentridge na Afirka ta Kudu ya shahara da hanyar da ta fi kowace dacewa da mai zane. Takarda ɗaya yake kafawa a bango, ya zana da gawayi, ya ɗauki hoto, ya dawo ya goge kaɗan ya ƙara kaɗan, ya sake ɗauka. Da yake gawayi ba ya goguwa tas, duk inda abu ya wuce sai ya bar dishi-dishin sawunsa a baya, kina ganin inda yake da inda ya fito a lokaci guda. Wayarki ta hannu za ta iya wannan. Ki ɗaure ta a jikin kujera da roba yadda ba za ta motsa ba ko kaɗan, ki manne takardar ta kusurwa huɗu. Hoto 12 ke ba da daƙiƙa ɗaya mai kyan motsi, wato minti ɗaya hoto 720 ke nan, don haka ki fara da daƙiƙa goma, hoto 120, aikin yamma ɗaya ko biyu. Manhajojin da ke jera hotuna su zama bidiyo suna nan kyauta. Kada ki dogara da hasken taga, gajimare ɗaya ya gifta sai bidiyon ya riƙa ƙyafta ido. Ki yi da dare da fitila mai caji, ko an ɗauke wuta ba ruwanki. Gawayin murhu ma yana yi, ki zaɓi mai laushi wanda ba ya karce takarda.

Sai maganar Baba. Kada ki yi musu da shi, kuma hukuncin surar abu mai rai na malamai ne, ki bi shi ku je wurin malamin da ya yarda da shi. Ta ɓangaren sana'a dai, ki duba abin da na lissafa miki: buta, furen lalle, marfin kwalba, buhu, jarka, zare. Babu fuska ko ɗaya a ciki. Zayyanar allo da dagin da ke jikin riguna da ƙofofi sun ishi mutum aikin shekaru. Ina ganin abin da ya fi shi ne ki yi butar wayar nan, ki kai masa bayan isha'i, ki haska ta a bango ya gani da idonsa, sannan ki tambaye shi ko wannan na cikin abin da ya hana.

Takardun ƙarƙashin gado kuma ki fito da su yau. Damshin Kumasi ba ya raga wa takarda. Ki shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, ki kakkaɓe funfunar da busasshen tsumma, ki jera su kwance a kan wani abu mai tudu, ba a ƙasa ba, ba kuma cikin leda ba. Ita ma wayar ɗaurin rodi tana yin tsatsa da damina. In kina son ta zauna baƙa ki shafe ta da ɗan man keke, in kuwa jan tsatsar ya yi miki kyau ki bar ta, amma kada ki jingina ta da farin bangon Baba.